Daga Jarumi Ɗaya Zuwa Taron Jama'a: Yadda Wasan Ultima Ya Koma Ƙasa Mai Bukatar Mulki



Abin da wannan lacca za ta yi magana a kai wasa ne, amma ba don raha aka zaɓe shi ba. Wasa ne irin na kwamfuta wanda aka gina a ƙasar Amurka domin mutum ɗaya ya zauna shi kaɗai ya yi, sa'an nan bayan shekara 16 aka buɗe ƙofarsa ga dubban mutane su shiga tare ta hanyar intanet. Maginan wasan sun san za su sha wahalar na'urori da wayoyi, kuma sun shirya mata. Da jama'a suka shigo sai suka tarar da kansu suna fama da rabon filaye, da faɗuwar darajar kuɗi, da 'yan fashi a hanya, da koke-koken waɗanda aka zalunta, watau irin aikin da duk wanda ya taɓa zama a ofishin mulki ya san nauyinsa. Sunan wasan Ultima, kuma tarihinsa shi ne misali mafi bayyana na abin da yakan faru idan aka ɗauki labarin da aka tsara domin jarumi ɗaya aka mayar da shi mazaunin jama'a.

Asalin wasan

Ya kamata a fara bayyana irin wasan da ake nufi, domin ba kowa a cikin masu sauraro ya taɓa ganinsa ba. A irin wannan wasa mutum yakan shiga rigar wani jarumi na almara, ya ba shi suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko boka ko maharbi, sa'an nan ya riƙa juya shi a cikin wata ƙasa ta ƙage mai garuruwa da dazuzzuka da koguna masu dodanni. Jarumin yakan fara da rauni da talauci, ya yi ta ƙaruwa da ƙarfi da dukiya gwargwadon abin da ya aikata. Sauran mutanen ƙasar kuwa, tun daga sarki har mai sayar da gurasa, na'ura ce take motsa su, ita take sa musu magana a baki. Za a riƙa kiransu mutanen na'ura a cikin wannan bayani.

Wanda ya ƙago Ultima shi ne Richard Garriott. An haife shi a Kambirij ta Ingila a 1961, ya girma a jihar Teksas ta Amurka. Mahaifinsa, Owen Garriott, ɗan sama jannati ne wanda ya yi kusan wata biyu a tashar Skylab a 1973. Tun yana saurayi wasu abokai suka laƙaba masa suna British, don suna jin maganarsa kamar ta mutanen Ingila, shi kuwa ya karɓi laƙabin ya ɗora wa sarkin ƙasar da ya ƙaga, Lord British, sarkin Britannia. Ultima na farko ya fito a 1981, a 1983 kuma shi da ɗan'uwansa Robert suka kafa kamfanin Origin Systems.

Wasanni uku na farko ba su da wani bambanci da sauran irinsu: akwai mugu, jarumi ya tara makamai ya je ya kashe shi. Amma Garriott ya lura da wani abu da ya dame shi. Hanya mafi sauƙi ta cin wasan ita ce ɗan wasa ya yi sata a kantuna, ya kashe mutanen gari ya kwashe dukiyarsu, kuma haka mafi yawa suke yi, sa'an nan a ƙarshe wasan ya yi musu kirarin ceton duniya. Saboda haka a Ultima IV, wanda ya fito a 1985, ya cire babban mugun gaba ɗaya. Aikin ɗan wasa ya zama ya cika halaye takwas na kirki, watau gaskiya, tausayi, jarunta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u, har ya cancanci sunan Avatar, abin koyi ga mutanen ƙasar. Kowane hali yana da garinsa: Moonglow garin gaskiya, Yew garin adalci, Trinsic garin mutunci, har da Magincia wanda girman kai ya rushe shi ya zama kufai.

Yadda aka auna waɗannan halaye shi ne abin lura. Na'ura tana riƙe da lissafi a ɓoye, ba ta nuna wa ɗan wasa. Idan ya ba maroƙi sadaka sai tausayinsa ya ƙaru. Idan ya ba da jininsa a gidan magani sai a rubuta masa sadaukarwa. Idan ya juya baya ya gudu daga fagen fama sai jaruntarsa ta ragu. Akwai masu sayar da kayan haɗa tsafi waɗanda makafi ne. Mai saye shi yake ƙirga kuɗin da zai biya, yana iya ba da ƙasa da farashi mai kanti bai sani ba, amma na'ura ta sani, kuma ta rage masa gaskiya. Mutum zai yi kwanaki yana cutar makaho yana murna da ribarsa, sai can gaba ya tarar hanyar gama wasan ta toshe masa.

Wannan tsari ya yi aiki ne saboda wasu dalilai da ba a kula da su ba a lokacin, domin babu abin da ya taɓa gwada su. Ƙasar gaba ɗaya domin mutum ɗaya aka shimfiɗa ta: dodon da ke cikin kogo shi yake jira, maroƙin da ke bakin ƙofa dominsa aka zaunar da shi. Lokaci ma a hannunsa yake. Idan ya kashe na'ura ya tafi barci, rana ta tsaya cik a Britannia sai ya dawo, in kuwa ya yi kuskure yana iya komawa inda ya ajiye wasan jiya ya sake. Bayan haka, kuma wannan ya fi muhimmanci, duk wanda ya cuta ko ya taimaka ba mutum ba ne. Makahon ba ya ƙarya, maroƙin ba ya haɗa baki da kowa. Shaida ɗaya ce, wanda ake shaida a kansa ɗaya ne, don haka hukunci bai taɓa rikicewa ba.

Buɗe ƙofa

Taruwar mutane da yawa cikin wasa ɗaya ba sabon abu ba ne. Tun 1978 Roy Trubshaw da Richard Bartle suka gina wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, wanda rubutu ne zalla babu hoto. Abin da ba a gwada ba shi ne a yi haka da hotuna, da dubban mutane, a kuma karɓi kuɗinsu kowane wata. Kamfanin Electronic Arts ya sayi Origin a 1992. Da Garriott da abokin aikinsa Starr Long suka kawo shawarar Ultima na intanet, manyan kamfanin ba su ga riba a ciki ba. Da ƙyar aka ba su dala 250,000 su yi gwaji. Aka ɗauko Raph Koster, wanda ya goge a wasannin rubutu irin na MUD, ya shugabanci tsara dokokin wasan. Da aka yi shelar neman masu gwaji, aka ce kowa ya aiko da dala 5 kuɗin faifai, mutum wajen 50,000 suka amsa. Nan take kamfanin ya farka, har aka kwashe ma'aikatan da ke aikin Ultima IX aka mayar da su wannan aiki. Ultima Online ya shiga kasuwa ranar 24 ga Satumba 1997, ana biyan kusan dala 10 a wata, kuma shi ne na farko a irinsa da ya tara masu biya 100,000.

Tambaya ta farko da ta tsaya wa maginan ita ce: wane ne zai zama Avatar? Ba a yin sarki biyu a gari ɗaya, balle dubu. Amsar da suka bayar ta nuna ƙarfin hali: babu kowa. Duk wanda ya shiga talaka ne na Britannia. Yana iya zama mayaƙi, amma yana iya zama maƙeri, ko tela, ko masunci, ko mai haƙar tama, ko mai kiwon dabbobi, kuma gwanintarsa a kowace sana'a tana ƙaruwa ne da yawan yinta, har iyakar maki 700 da zai raba tsakanin sana'o'in da ya zaɓa. Manufar ita ce mayaƙi ya bukaci maƙeri, maƙeri ya bukaci mai tama, mai tama ya bukaci mai yi masa rakiya, ta haka al'umma ta tsiro da kanta.

Tambaya ta biyu ta na'ura ce. Babbar na'ura ɗaya ba za ta ɗauki kowa ba, tilas a yi ƙasar kwafi-kwafi, kowace a kan na'urarta. To, yaya za a gaya wa ɗan wasa cewa akwai Britannia fiye da ɗaya? Sai aka koma ga labarin wasan farko na 1981, inda jarumi ya farfasa wani lu'ulu'u na mugun boka Mondain. Aka ce ai duniyar tana cikin lu'ulu'un nan, da ya tarwatse kowane ɓallin ya fita da cikakkiyar Britannia a cikinsa. Dabara ce mai kyau, ta rufe larurar injiniya da mayafin almara, har ma masu tsara manyan na'urori a wasu fannoni suka riƙa amfani da kalmar ɓallin nan ga irin wannan rabo.

Tun kafin a buɗe kasuwa aka ga alamar abin da ke tafe. A watan Agusta 1997, ana cikin gwaji, Garriott ya shiga a matsayin Lord British domin ya yi wa jama'a jawabi. Sarkin ɗan tauri ne a ka'ida, akwai wata alama da ake ɗora masa wadda ke hana makami ko tsafi kama shi. Amma an sake tayar da na'urar kafin taron, alamar ta goge, ba a kuwa tuna an mayar ba. Wani ɗan wasa mai laƙabin Rainz ya zare layar wuta daga jakar wani a cikin taron, ya jefa, sarki ya taka wutar yana ganin ba abin da za ta yi masa, sai ga shi ya faɗi matacce a gaban talakawansa. Ma'aikatan da ke wurin ba su san wanda ya yi ba, sai suka saki aljanu a kan taron duka, mai laifi da marar laifi. An kori Rainz daga baya, kamfanin ya ce saboda wasu laifuffuka ne na amfani da kurakuran manhaja ba tare da ya kai rahoto ba. Labarin yakan ba mutane dariya, amma duk abin da zai biyo baya yana cikinsa: mai mulki ya manta shi ma yana ƙarƙashin dokar da ya rubuta, talaka ya gwada abin da ba a zaci za a gwada ba, hukuma ta ruɗe ta yi hukuncin gayya.

Daji, kasuwa da fili

Maginan sun so dajin Britannia ya rayu da kansa. Ciyawa ta tsiro, zomo da barewa su ci, kyarkeci ya ci su, idan abinci ya ƙare wa babban dodo ya sauko ƙauye neman tumaki, mutanen ƙauye su nemi mai ceto. Ta haka labari zai riƙa haifar kansa ba sai marubuci ya zauna ya ƙaga ba. Wannan tsari bai rayu ba, kuma manyan maginan biyu sun ba da dalilai mabambanta. Garriott ya ce 'yan wasa ne suka bazu kamar fara suka karkashe duk abin da ke motsi, mai amfani da marar amfani, tun kafin dabbobin su hayayyafa. Koster kuwa ya bayyana cewa lissafin da kowace dabba take yi na neman abinci da mafaka ya yi wa na'urorin zamanin nauyi, tilas aka rage shi tun lokacin gwaji. Babu abin da ya hana duka biyun zama gaskiya. Abin da ya tabbata shi ne an koma tsohuwar hanya: dabba ta mutu, bayan ɗan lokaci na'ura ta fito da wata a madadinta.

Sha'anin kasuwa ya fi wannan ban sha'awa, kuma wani ma'aikacin Origin, Zachary Booth Simpson, ya yi nazarinsa a 1999. Da farko an ƙayyade yawan albarkatun ƙasar, tama da itace da ulu da fata. Idan takobi ya karye ko riga ta yage, abin da aka yi su da shi ya koma rumbun na'ura, ya sake fitowa a matsayin tama a dutse ko ulu a jikin tunkiya. A takarda tsarin ba shi da aibi. Amma an manta da halin ɗan Adam na tara abin da ba ya bukata. Tela yana ɗinka riga ne domin gwanintarsa ta ƙaru, ko akwai mai saye ko babu. An sami ɗan wasa ɗaya da ya tara riguna fiye da 10,000 a gidansa. Duk ulun da ke cikin rigunan nan ya fita daga zagaye, saboda haka rumbu ya bushe, sabon shiga ya fita daji bai sami abin yi ba. Masu sana'a kuma suka tsaya a kan lalle kantunan na'ura su sayi duk abin da suka ƙera, domin a wasan mutum ɗaya haka aka saba, ba a taɓa jin mai kanti ya ce kasuwa ta cika ba. Da aka biya musu wannan bukata sai ya zama ana buga sabon kuɗi ba iyaka. A kan wannan kuma wasu suka gano kuskuren manhaja da ke ba su damar ninka zinariya, watau jabun kuɗi. Darajar kuɗi ta faɗi warwas. Daga ƙarshe aka watsar da rufaffen rumbu, aka koma tsarin da kusan duk wasannin da suka biyo baya suka ɗauka: dukiya tana kwararowa ta famfo, hukumar wasa kuma tana ta ƙirƙiro magudanun da za su janye ta.

Fili ma haka. An ba kowa izinin gina gida a duk inda ya sami sarari a ƙasar da kowa yake takawa. Ba a daɗe ba dajin da aka zana domin farauta ya cika da gine-gine, waɗanda suka riga zuwa suka kame wurare masu kyau, na baya suka rasa. Aka sa doka cewa gidan da mai shi ya daina zuwa zai ruɓe ya rushe, sai aka sami masu zaman jiran rushewar gidan wani domin su kwashe kaya su kafa nasu. Gidaje da zinariyar wasa suka fara sayuwa da dalar gaske a kasuwar eBay. Mai sauraro da ya taɓa aiki a ofishin filaye ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a nan.

Doka da 'yan fashi

Duk waɗannan ƙananan matsaloli ne idan aka gwada su da ta kisa. A cikin gari akwai dogarai na na'ura. Wanda aka kai wa hari ya yi kira, su bayyana nan take su kashe mai laifi. Da an fita ƙofar gari kuwa babu doka. Kowa yana iya kashe kowa. Wanda aka kashe yakan zama fatalwa, ya yi ta yawo yana neman mai magani ya tashe shi, maganarsa ma masu rai ba sa fahimta, gawarsa kuma tana yashe da duk abin da ya ɗauko. Idan mabuɗin gidansa yana cikin jakar, to gidan ma ya tafi. Mai haƙar tama ya yi sa'a uku yana aiki, ya kamo hanyar gari da kayansa, mutum uku su tare shi su raba shi da komai cikin daƙiƙa kaɗan. Su a wurinsu wasa ya yi daɗi. Shi kuwa dalarsa 10 ya biya, maraicensa ya ba da.

Ba sakaci ne ya kawo wannan ba, ra'ayi ne. Koster da abokan aikinsa sun yi imani cewa nagarta ba ta da ma'ana a inda mugunta ba ta yiwuwa, kuma idan aka bar mutane da haɗari za su haɗa kai su kafa tsaron kansu. A wani fanni sun yi gaskiya: an sami ƙungiyoyin 'yan wasa masu farautar 'yan fashi, an sami garuruwan da 'yan wasa suka kafa da shugabanninsu da dokokinsu, kuma waɗanda suka ga wannan zamani har yanzu suna ba da labarinsa. Amma lissafin bai daidaita ba. Ɗan fashi yana zaɓen lokaci da wuri da wanda zai tara; mai tsaro sai ya kwana a faɗake. Mutuwa kuma ba ta hana ɗan fashi komai, tun da zai tashi ya dawo. Bartle ya riga ya yi gargaɗi a wata maƙala ta 1996, inda ya kasa 'yan wasa kashi huɗu, masu neman ci gaba, masu bincike, masu zumunci da masu kisa, ya nuna cewa idan masu kisa suka yi yawa masu zumunci ne suke fara tserewa.

Sai aka shiga yin doka, ana yi ana warwarewa. Tsarin farko ya auna sunan mutum da ma'auni ɗaya, daga babban mutumin kirki zuwa babban abin tsoro, sai laƙabin abin tsoron ya zama abin alfahari da ake nema. A 1998 aka sauya: sunan marar laifi shuɗi, na mai ƙaramin laifi toka-toka, wanda kowa zai iya duka ba tare da hukunci ba, na wanda ya kashe mutum biyar kuwa ja, ba ya shiga gari, kuma gwanintarsa tana raguwa idan ya mutu ya tashi. Aka ba wanda aka kashe damar sa lada a kan wanda ya kashe shi. Me ya faru? Ɗan fashi ya bari ladan ya taru, ya kira abokinsa ya sare masa kai, su raba kuɗin. Wasu suka ƙware wajen yaudarar sabon shiga ya taɓa abin da zai mayar da sunansa toka-toka, sa'an nan su kashe shi doka tana bayansu.

A nan ne bambancin wasan 1985 da na 1997 ya fito fili. Na'urar da ta kama mai cutar makaho ita ce dai, ba ta rage gani ba. Tana ganin wanda ya fara duka, tana ƙirga gawa. Abin da ba ta gani shi ne niyya, da haɗin baki, da tarko. Muddin ɗaya ɓangaren mutumin na'ura ne, aiki da niyya tafiyarsu ɗaya. Da ya zama mutum mai wayo, sai kowace doka ta zama makami a hannun wanda ya fi karanta ta. Abin mamaki ne, ko kuwa abin takaici, cewa jerin wasannin da suka yi suna da koyar da halin kirki su ne suka haifi ƙasar da ta yi suna da fashi. Halaye takwas ɗin nan ma ba su shiga Ultima Online a matsayin tsari ba sai bayan shekaru, kuma kaɗan-kaɗan.

Ana cikin haka kishiya ta shigo. EverQuest ya fito a watan Maris 1999, kuma a mafi yawan na'urorinsa ba mai iya taɓa ɗan wasa sai da yardarsa. Kafin shekara ta ƙare ya wuce Ultima Online yawan masu biya. Talakan wasa yana da abin da talakan gaske ba kasafai yake da shi ba, watau yana iya tashi ya bar ƙasar ba fasfo ba kuɗin mota, ya tafi da harajinsa. A shekarar 2000 kamfanin ya yanke hukunci: aka raba kusan kowace Britannia gida biyu, aka sa musu sunayen watanni biyu da ke sararin samaniyar ƙasar. A Trammel ba a kisa ba a sata tsakanin 'yan wasa. A Felucca tsohuwar doka tana nan, aka kuma kakkaɓe ganyen itatuwanta domin mai shiga ya san inda ya sa ƙafa. Mafi yawan jama'a suka kwashe kayansu suka koma Trammel, inda kuma aka sami sabon filin gini. Masu biya suka ci gaba da ƙaruwa har suka kai wajen 250,000 a 2003. Ta fuskar kasuwanci hukuncin ya yi daidai, kuma da wuya a zargi wanda ya ƙi ci gaba da biyan kuɗi domin a yi masa fashi. Amma an yi hasarar wani abu na gaske. Mai rakiya ya rasa aiki, mai farautar 'yan fashi ya rasa abin farauta, mutumin da aka sani da amana ya zama daidai da kowa, tun da cin amana ya daina yiwuwa. A shekarar 2000 Garriott ya bar Origin, aka rufe kamfanin a 2004. Wasan kansa ya koma hannun kamfanin Broadsword a 2014, ya kuma cika shekara 25 yana gudana a 2022.

Waɗanda suka biyo baya

Kamfanonin da suka zo daga baya da nasu wasannin mutum ɗaya sun karanta wannan tarihi, kuma akasarinsu sun bi hanyar da ta saɓa wa ta Origin. Square ta Japan ta fitar da Final Fantasy XI a 2002. Na biyunsa na intanet, Final Fantasy XIV, ya fito a 2010 bai karɓu ba, har aka rufe shi a watan Nuwamba 2012, aka sa faɗowar wani wata daga sama ta zama sanadin halakar ƙasar a cikin labari, sa'an nan aka sake gina shi ƙarƙashin Naoki Yoshida ya dawo a 2013. A cikinsa kowane ɗan wasa shi ne zaɓaɓɓen jarumi, kuma daga baya aka ba shi damar shiga yawancin kogunan babban labarin tare da abokan tafiya na na'ura, ba sai ya nemi mutane ba. Matsalar fili dai ba ta bar su ba, domin sun ƙayyade yawan filayen gini. A 2022 suka koma raba su ta hanyar ƙuri'a.

The Elder Scrolls Online, wanda ya fito a watan Afrilu 2014, ya gaji jerin wasanni irin su Morrowind na 2002 da Skyrim na 2011. Domin kada ya yi karo da labaransu, aka mayar da zamaninsa baya da kusan shekara dubu kafin Skyrim. Nan ma kowa jarumi ne: kowane ɗan wasa shi ne mutumin da mugun Molag Bal ya sace wa kurwa. Sai a ga mutum goma sun kewaye dattijo ɗaya, yana gaya wa kowannensu a asirce cewa shi kaɗai ne zai ceci duniya. Domin a rufe wannan, aka sa na'ura ta nuna wa kowa ƙasar gwargwadon inda ya kai a labari: wanda ya ceci ƙauye ya gan shi lafiya, wanda bai kai ba ya gan shi yana ci da wuta. Sakamakon farko shi ne abokai biyu su tsaya wuri ɗaya ba sa ganin juna, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa har aka yi ta gyara. A 2015 aka soke tilascin biyan kuɗin wata, a 2016 aka daidaita ƙarfin abokan gaba da na kowane ɗan wasa domin a yi yawo ko'ina kamar yadda aka saba a wasannin asali. Yaƙi tsakanin 'yan wasa aka killace shi tun farko a lardin Cyrodiil, mai so ya je. Gidaje da suka zo a 2017 kuwa ƙofa ɗaya ce a titi, amma kowane mai saye yana da nasa kwafin a bayanta.

Sata da kisa ma sun shiga wannan wasa a 2015, amma a kan mutanen na'ura kawai: ɗan wasa ya yanki aljihun ɗan kasuwa, idan an gan shi a sa masa tara, dogarai su bi shi. Kamfanin ZeniMax ya yi shelar cewa kashi na biyu yana tafe, inda wasu 'yan wasa za su zama 'yan doka su riƙa kama 'yan'uwansu masu laifi. A 2016 ya sanar cewa ya janye wannan shiri, aka bar aikin kamu a hannun dogaran na'ura.